Pierre Lallement, Talakan Bakaniken Da Ya Fara Yi Wa Keke Mai Feda Rajista

Duk wanda ya taɓa koyon hawan keke bai manta da ranar farko ba. Tura keke da ƙafa ba wuya, riƙe kai ma ba wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne sa'ad da aka ce wa mutum ya ɗauke ƙafafunsa duka biyu daga ƙasa, ya ɗora su bisa feda, ya amince abin ba zai kayar da shi ba. Yau yaro ƙarami ya kan koyi wannan cikin 'yan kwanaki, amma Turawa sun yi kusan shekara 50 da abin hawa mai wili biyu a gabansu kafin hawa da feda ya tabbata a cikinsu.

Takarda ta farko da wata hukuma ta bayar a duniya, wadda ta shaida ƙirar keke mai wili biyu da feda mai juyawa, ta fito ne a Amurka ran 20 ga watan Nuwamba, 1866, lambarta 59,915. Sunan da ke kanta shi ne Pierre Lallement, wani saurayi Bafaranshe, baƙo a ƙasar, ɗan shekara 23. Wannan takarda ta cika wa waɗansu mutane aljihu. Shi kuwa mai ita, ya koma lebura a masana'antar wanda ya mallake ta daga baya, ya mutu ba wanda ya kula. Ga yadda abin ya kasance.

ASALINSA

An haifi Pierre Lallement ran 25 ga watan Oktoba, 1843, a Pont-à-Mousson, wani ƙaramin gari a bakin kogin Moselle cikin lardin Lorraine, a gabashin Faransa. Babban birnin da ke kusa da su shi ne Nancy, can kuwa ya sami aiki tun yana saurayi, a wurin masu ƙera 'yan kekunan tura jarirai. Sana'a ce ƙarama, amma tana koya wa yaro abubuwa masu amfani: yadda a ke haɗa wili na katako, yadda a ke ɗaure shi da zoben ƙarfe, yadda a ke daidaita sandar da ta ratsa cibiyarsa don ya juya ba gargada, da kuma yadda a ke rage nauyin abu ba tare da an rage ƙarfinsa ba.

Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar daga baya, a shekarar 1862 ne, yana da shekara 19, ya ga wani mutum ya wuce a titin Nancy bisa wani tsohon abin hawa mai wili biyu, yana tura shi da ƙafafunsa a ƙasa. Abin ya tsaya masa a rai. Domin mai karatu ya gane abin da saurayin nan ya gani, sai an koma baya kaɗan.

DOKIN KATAKO

A shekarar 1817 wani Bajamushe ɗan sarauta, Karl von Drais, ma'aikacin gandun daji, ya ƙera wani abin hawa na katako a birnin Mannheim. Wili biyu gare shi, ɗaya gaba ɗaya baya, da sandar katako ta haɗa su, da sirdi a tsakiya, da kai wanda a ke karkata wilin gaba da shi. Ba feda, ba sarƙa. Mahayi ya kan zauna a sirdi ya riƙa dungurin ƙasa da ƙafa, dama da hagu, kamar mai sassarfa a zaune. In ya sami gangare sai ya ɗan ɗage ƙafafu ya bar abin ya tafi da shi. Ran 12 ga watan Yuni na shekarar Drais ya yi tafiyar wajen mil 8 a kansa cikin kamar awa ɗaya.

Abin ya shiga Faransa da Ingila. A Landan wani maƙerin keken doki, Denis Johnson, ya gyara ƙirarsa, ya lanƙwasa jikin don mahayi ya zauna ƙasa ƙasa, samarin masu kuɗi suka yi ta yayinsa a 1819. Amma yayin bai daɗe ba. Hanyoyi duk ramuka ne, mahaya suka koma bin gefen titi inda masu tafiya a ƙasa ke bi, hukumomin birane suka hana, takalma kuma suna cinyewa. Cikin 'yan shekaru aka watsar da dokin katako, ya zama abin dariya. Drais kansa ya mutu a talauce a 1851.

Daga nan masu ƙira suka juya ga keke mai wili uku ko huɗu, wanda a ke tuƙawa da hannu ko da matakai irin na masaƙa. A ganinsu, abin da ke da wili biyu ba ya tsayuwa sai da ƙafa a ƙasa. Akwai labarin wani maƙeri a Sikotlan, Kirkpatrick Macmillan, wanda danginsa suka ce tun wajen 1839 ya haɗa wa wilin baya matakai da sanduna, amma labarin ya fito ne bayan mutuwarsa, masana tarihi da yawa kuwa ba su gamsu da shi ba. Ko ma yaya ne, ba daga can sana'ar keke ta tashi ba.

DABARAR FEDA

Dabarar da ta zo wa Lallement ba ta da wuyar faɗi. Mai karatu ya tuna da hannun injin markaɗe, wanda a ke kamawa a juya. To, a ɗauki irinsa guda biyu, a kafe ɗaya a dama ɗaya a hagu na sandar da ta ratsa cibiyar wilin gaba, a sa su saɓa wa juna, in ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. A bakin kowanne a sa wurin ɗora ƙafa wanda ke juyawa da kansa. In mahayi ya taka na dama ya yi ƙasa, na hagu ya taso, ya taka shi kuma, wili ya yi ta juyawa. Shi ke nan.

Wahalar tana wajen yarda da cewa mutum zai iya zama bisa wili biyu, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, yana taka wilin da shi ne kuma a ke karkatawa, bai faɗi ba. Wannan sai an hau an gwada, an sha ƙasa, an tashi an sake hawa.

A 1863 Lallement ya bar Nancy ya tafi Paris neman aiki, ya kuwa samu a wani shago mai ƙera kekunan jarirai da na marasa lafiya. Ya ce a can ne, cikin wannan shekara, ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi wili biyu, ya sa aka ƙera masa sauran ƙarafa, ya riƙa haɗawa a ranakun hutu. Ya koyi hawa a cikin dogon zauren shagon, da hannunsa ya faɗa sai ya fito babban titi, mutane suka tsaya suna kallo. Kallo ne kawai ya samu. Ba attajirin da ya kira shi, albashinsa kuwa bai isa ya buɗe wurin ƙira ba.

A daidai wannan lokaci akwai waɗansu a Paris da su ma hankalinsu ya kai ga keke mai feda. Akwai wani dattijon maƙeri, Pierre Michaux, mai ƙera ƙarafan keken doki, tare da ɗansa Ernest. Akwai kuma 'ya'yan wani attajiri na birnin Lyon, Aimé Olivier da René Olivier, waɗanda ke karatun injiniya a Paris. Cikin watan Agusta na 1865 samarin nan biyu da wani abokinsu suka hau keke mai feda daga Paris har Avignon a kudancin ƙasar, tafiyar ɗaruruwan mil, cikin kamar kwana 8. Su suna da ilmi da kuɗi da dangi. Amma wata ɗaya kafin wannan tafiya tasu, Lallement ya riga ya ɗaure kayansa ya bar ƙasar.

TAFIYA AMURKA

Cikin watan Yuli, 1865, Lallement ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka, da ƙarafan sabon kekensa a cikin kaya. Watanni kaɗan ke nan da ƙare yaƙin basasar ƙasar, masana'antu na neman ma'aikata. Ya sauka a Ansonia, wani garin masana'antun tagulla a bakin kogin Naugatuck cikin jihar Connecticut, ya kama aikin kanikanci. Bai iya Turanci sosai ba, ba shi da kowa mai faɗa a ji. Da rana yana aikin maigida, in an tashi ya koma kan kekensa.

Kafin shekarar ta ƙare ya gama haɗa shi, ya fita gwaji zuwa wani gari na kusa mai suna Birmingham, wanda yanzu ya ke cikin garin Derby, ba Birmingham ta Ingila ba. Labarin wannan fita ya shahara, shi ne kuwa ya bayar da shi da bakinsa. A hanya ya tarad da gangare mai tsawo, keken kuwa ba birki. Feda ta riƙa juyawa da gudun wili har ƙafafunsa suka kasa bi. A gabansa ga waɗansu mutum biyu cikin keken doki. Da suka waiwaya suka ga abu ya taho a guje, rabinsa mutum rabinsa wili, sai suka zuba wa dawaki bulala. Shi kuma garin kauce musu ya faɗa cikin kwalbati mai ruwa, ya fasa goshi. Da ya lallaɓa ya komo gari ya shiga wata mashaya, sai ya iske mutanen nan biyu suna ba jama'a labarin yadda shaiɗan ya biyo su a hanya. Ya gaya musu shi ne shaiɗan ɗin, ba su yarda ba sai da ya fita ya hau a gabansu.

Cikin watan Afirilu, 1866, ya kai keken New Haven, babban birnin da ke kusa, ya zagaya dandalin tsakiyar gari a kansa, har wata jaridar garin ta buga ɗan labari. Daga nan ya haɗu da wani mutumin New Haven mai suna James Carroll, wanda ya yarda ya biya kuɗin rajista a kan su raba mallakar takardar. Suka aika da zane da bayani zuwa ofishin rajistar ƙirƙira a Washington, takarda ta fito cikin watan Nuwamba.

ABIN DA KE CIKIN TAKARDAR

Wanda ya dubi zanen yau zai gane keke ne nan take. Ga wili biyu na katako, na gaba ya ɗan fi na baya girma. Ga jiki lanƙwasasshe irin na Denis Johnson, ga sirdi bisa ƙarfe mai ɗan lilo don ya rage girgiza, ga kai, ga feda biyu a cibiyar wilin gaba. Abin da ya fi muhimmanci kuwa shi ne bayanin hawa da ke biye da zanen. Ya nuna cewa in keke ya karkata zai faɗi wani gefe, sai mahayi ya ɗan juya wilin gaba ya tare faɗuwar, keken ya miƙe. Ya kuma nuna cewa gwargwadon sauri, gwargwadon sauƙin tsayuwa. Wannan shi ne abin da jikin kowane mahayi ke yi har yau ba tare da ya yi tunani ba, shi ne kuma abin da magabatansa suka kasa amincewa da shi.

Amma ƙirar tana da aibu uku waɗanda suka bi duk kekunan wancan zamani. Na farko, nauyi da girgiza: wilin katako ne da zoben ƙarfe, waɗansu kekunan har su kan kai kilo 30, a kan titin duwatsu kuwa jiki duk sai ya yi tsami, shi ya sa mutanen Ingila suka laƙaba masa suna mai ma'anar girgiza ƙashi. Na biyu, wili ɗaya ne ke aiki biyu, shi a ke takawa shi a ke karkatawa. Duk takun da mahayi ya yi sai kan keken ya nemi kaucewa, hannu ya yi ta kokawa da ƙafa, a kwana kuma wili ya goge masa cinya. Na uku, juyin feda ɗaya juyin wili ɗaya ne. In faɗin wili ƙafa 3 ne, kowane juyi bai wuce ƙafa 9 da rabi ba a ƙasa. Mai son sauri sai dai ya yi ta watsal-watsal da ƙafafu.

Da takarda a hannu, Lallement da Carroll suka nemi masana'antar da za ta ƙera keken ta sayar. Ba su samu ba. Masu kuɗin Amurka ba su ga abin da za a yi da wannan abin wasa ba. Bayan ya yi ta jira ba labari, a 1868 Lallement ya koma Faransa.

YA DAWO YA TARAR AN RIGA SHI

Abin da ya iske a Paris ya isa ya sa mutum hawaye. Keke mai feda ya cika gari, ana kiransa velosifed, kalmar da aka ƙago daga Latin mai nufin ƙafa mai sauri. Tun 1867 Michaux ya fara tallarsa a jaridu. A 1868 shi da 'yan gidan Olivier suka kafa kamfani da sunan Michaux, da kuɗin su Olivier. Suka bar zubabben ƙarfe mai saurin karyewa suka koma ƙeraren ƙarfe, suka miƙe jikin keken, suka sa birki a wilin baya wanda a ke ja da igiya in an murɗa kai. Aka buɗe makarantun koyon hawa. Har ɗan Sarki Napoleon na Uku yana hawa. Ran 31 ga watan Mayu, 1868, aka yi tsere a lambun Saint-Cloud kusa da Paris, wani ɗan Ingila mazaunin Faransa, James Moore, ya ci ɗaya daga cikin wasannin. Shi ne kuma ya ci tseren Paris zuwa Rouen ran 7 ga watan Nuwamba, 1869, tafiyar kilomita 123, cikin awa 10 da 'yan kai. A bakin kowa sunan Michaux ne.

Abin haushi kuma, bai daɗe da barin Amurka ba sai yayin ya tsallaka can. A 1868 waɗansu 'yan wasan tsalle-tsalle, 'yan gidan Hanlon, suka riƙa nuna keke a New York, nan da nan birane suka ɗauka. Aka mai da manyan zaure wuraren koyon hawa, masu ƙera keken doki suka koma ƙera velosifed. Sai wani daga cikinsu, Calvin Witty, ya gano cewa akwai takardar rajista tun ta 1866. Bai yi wata-wata ba, ya sayi rabon Carroll, ya aika Paris aka sayo na Lallement. A farkon 1869 ya sanar da duk masu ƙira a Amurka cewa kowane keke suka yi sai sun biya shi kuɗin izini, har da waɗanda suka riga suka sayar.

Abin da aka ba Lallement sau ɗaya ne, ba ya maimaituwa. Ya sa shi cikin sana'ar keke a Paris, amma ya shigo kasuwa a makare, manya sun riga sun kama wuri. A Amurka yayin ya mutu kafin 1869 ta ƙare, sabo da tsada da munin hanyoyi da dokokin hana hawa a gefen titi. A Faransa kuwa yaƙi ya ɓarke da Jamusawa cikin watan Yuli, 1870, aka kewaye Paris, sana'ar keke ta durƙushe. Michaux ma bai tsira ba: ya ɓata da su Olivier, suka kai shi kotu suka yi nasara, ya karye, ya mutu a talauce a 1883.

KEKE YA KOMA INGILA

Kafin yaƙin nan, a ƙarshen 1868, wani ɗan kasuwa, Rowley Turner, ya kai keken Michaux guda ɗaya birnin Coventry na Ingila, wurin wani kamfanin keken ɗinki. Shugaban makanikan kamfanin, James Starley, ya karɓi abin hannu biyu. Aka bar wilin katako aka koma na ƙarfe mai sifok na waya, aka naɗa masa roba tsantsa mara iska. Domin a sami sauri kuwa, tun da feda na manne da wilin gaba, hanya ɗaya ce: a ƙara girman wilin. Haka aka yi ta ƙarawa har ya kai ƙafa 4 zuwa 5, na baya ya zama ɗan mitsitsi, mahayi na can sama kamar mai hawan raƙumi. Wili mai faɗin ƙafa 5 ya kan ci kusan ƙafa 16 a juyi ɗaya. Amma in ya ci karo da dutse, mahayi ta ka ya ke faɗowa. A wannan zamani ne sunan da Hausa ta ara ta ce basukur ya kori sunan velosifed.

Irin wannan dogon keke ne wani ɗan kasuwar Boston, Kanar Albert Pope, ya gani a babban bajekolin Philadelphia a 1876. Tsohon soja ne na yaƙin basasa, sa'an Lallement ne kuwa, shekara ɗaya aka haife su. A 1878 ya sa wani kamfanin keken ɗinki a Hartford ya fara ƙera masa keke da sunan Columbia. Pope ya gane abin da Witty ya gane: dogon keke ma feda ce a cibiyar wilin gaba, watau tsohuwar takardar 1866 ta hau kansa. Ya bi sawunta wurin waɗanda ta faɗa hannunsu, ya saye ta, ya haɗa da waɗansu takardu. Daga nan duk mai ƙera keke a Amurka, ko mai shigo da shi daga Ingila, sai ya biya Pope dala 10 a kan kowane ɗaya. Wanda ya ƙi, sai kotu.

SHAIDA A KOTU, LEBURA A MASANA'ANTA

A lokacin nan Lallement ya riga ya sake komawa Amurka, yana zaune a Brooklyn yana aikin kanikanci. Masu jayayya da Pope suka ce takardar ba ta da ƙarfi, wai an san feda tun kafin 1866. Domin ya kare dukiyarsa, dole Pope ya nemo mutumin da sunansa ke kan takardar. A 1882 aka kawo Lallement ya ba da shaida bisa rantsuwa, ya faɗi yadda ya ga dokin katako a Nancy, da yadda ya haɗa kekensa a Paris, da tafiyarsa Ansonia. Yawancin abin da aka sani game da ƙuruciyarsa daga wannan shaida ya fito, da kuma wani rubutu da lauyan Pope, Charles Pratt, ya buga a kansa a 1883.

Ladan da ya samu shi ne aiki a kamfanin Pope a Boston, bakanike cikin makanikai, ana biyansa kamar kowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1883 wa'adin takardar na shekara 17 ya cika, ta zama ba ta kowa ba. Pope ya riga ya kafu, ya ci gaba ya zama babban mai ƙera keke na Amurka. Daga ranar nan kuwa ba wanda ke da sauran bukatar shaidar Lallement.

Ya rayu har ya ga an warware aibun nan uku na ƙirarsa. A 1885 John Kemp Starley, ɗan ɗan'uwan James Starley, ya fito da keken Rover a Coventry. Ya ɗauke feda daga wilin gaba ya mai da ita tsakiya a ƙarƙashin sirdi, ya haɗa ta da wilin baya da sarƙa. Wilin gaba ya koma aikin karkatawa kaɗai. Tun da haƙoran faifan gaba sun fi na baya yawa, juyin feda ɗaya ya kan juya wili sau biyu ko fiye, ba sauran bukatar dogon wili. A 1888 kuma John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a Belfast, ya fito da taya mai iska, girgiza ta ragu. Wannan shi ne keken da aka sani yau, irin wanda kamfanin Raleigh na Nottingham ya cika kasuwannin ƙasar nan da shi.

Pierre Lallement ya mutu a Boston ran 29 ga watan Agusta, 1891, yana da shekara 47, ba dukiya, ba suna, nesa da garin haihuwarsa. 'Yan shekaru kaɗan bayan nan keke ya mamaye Amurka da Turai, maza da mata, mai kuɗi da ma'aikaci.

RIGIMAR SUNA

Bayan kuɗi sun wuce shi, saura suna, shi ma sai da ya kusa kuɓucewa. Mutanen Ingila sun kafa wa James Starley abin tunawa a Coventry a 1884, Jamusawa suka kafa wa Drais nasa a Karlsruhe a 1893. Faransawa su ma suka tashi neman nasu gwarzon. A 1893 wani ɗan Michaux mai suna Henry ya ba da labari a jarida cewa tun 1861 mahaifinsa da wansa Ernest suka sa feda a jikin wani tsohon dokin katako da aka kawo musu gyara. A 1894 aka kafa wa Michaux da ɗansa abin tunawa a Bar-le-Duc, garin haihuwar dattijon, wanda shi ma cikin Lorraine ya ke. Lallement ya mutu, ba shi da mai tsaya masa. Littattafai suka ɗauki labarin Michaux, waɗansu ma suka mai da Lallement yaron shagon Michaux wanda ya gudu da dabarar maigidansa.

Haka abin ya zauna kusan shekara 100. A 1993, a wani taron masana tarihin keke da aka yi a Boston, wani Ba'amurke mai bincike, David Herlihy, ya gabatar da hujjoji masu goyon bayan Lallement. Har yanzu ba a rufe maganar ba, akwai masana, musamman a Faransa, da ke riƙe da ɓangaren Michaux. Amma ga abin da ba mai musu a kai: labarin 1861 ya fito ne bayan shekara 30 da wani abu, daga bakin ɗan mai shi, takardar rajistar da Michaux ya karɓa a Faransa ta 1868 ce, ta Lallement kuwa ta 1866 ce, tana nan a ajiye da zanenta da kwanan watanta. Michaux da su Olivier su suka mai da keke sana'a, wannan haƙƙinsu ne. Shaidar hukuma ta farko kuwa ta saurayin Pont-à-Mousson ce.

Amurkawa sun tuna da shi daga baya. A 1998 aka kafa masa allon tunawa a dandalin New Haven inda ya zagaya da kekensa a 1866. A Boston kuma aka sa sunansa ga wata hanyar masu keke, wadda ta bi ta kusa da gidan da ya mutu a ciki.